Idan Ranar Aiki Ta Ɓaci Tun Da Safe: Yadda Ake Gyara Ta Kafin La'asar

Ranar aiki ba kasafai take ɓaci da abu ɗaya babba ba. Ƙananan abubuwa ne ke bin juna. An ɗauke wuta da tsakar dare, fanka ta tsaya, barci ya gagara. Da safe ka tsaya bakin titi kana faɗa wa masu taksi unguwar da za ka, suna girgiza kai suna wucewa. Ka iso wurin aiki a makare, shef ya kalli agogo bai ce uffan ba. Kafin ƙarfe goma ka riga ka yanke wa yinin hukunci cewa yau babu sa'a, daga nan kuma duk abin da ya faru sai ka ƙara shi cikin shaidu.

Wannan hukuncin ne ya kamata a janye, domin yinin ma'aikacin Yamai ba dunƙule ɗaya ba ne. Tun asali a yanke yake: Asuba, Azahar, La'asar, Magariba. Kowace gaɓa wuri ne da za a tare ɓacin rai kada ya tsallaka zuwa ta gaba. A kan haka na jera waɗannan matakai, kuma babu wanda ke buƙatar izinin shugaba ko kuɗin da ya wuce na ruwan sha.

Mataki na farko: duba jikinka kafin ka zargi kowa

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Yamai kan kai digiri 40 ko ya haura, kusan kullum. Wanda ya taso daga Talladje ko Lazare a kan moto ya riga ya zubar da gumi mai yawa kafin ya zauna a kujerarsa. Ƙarancin ruwa a jiki kuwa ba da ƙishirwa kaɗai yake zuwa ba. Yana zuwa da ciwon kai, da kasala, da kasa tattara hankali, da saurin hasala. Mutum ya ɗauka abokin aikinsa ne ya ɓata masa rai, alhali jikinsa ne ke neman ruwa.

Gwajin ba wuya: dubi launin fitsarinka. In ya yi duhu, ruwa ya yi ƙaranci. Ruwan leda ɗaya rabin lita ne, ka shanye shi a hankali tun kafin ka buɗe kowace takarda, sannan ka ajiye gora a kan tebur inda idonka zai riƙa ganin ta. Masu aiki cikin rana, irin su magina da ƴan kabu-kabu da masu dako a Katako, gishiri ma suke zubarwa tare da gumin. In jiki ya yi laushi sosai, haɗin nan na gishiri da sukari yana taimakawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma in ka ga wani ya fara ruɗewa, yana maganar da ba ta da kai, ko ya suma, wannan ya wuce gajiya. A kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Sai ciki. Da yawa suna fitowa ba su karya ba, sai kofin shayi mai ɗaci a cikin wayam. Koko da ƙosai, ko fari masa, ko gutsuren burodi, duk abin da ya samu a bakin hanya ya fi babu. Mai yunwa ba ya jin wa'azin haƙuri. Game da tramol da wasu ke sha wai don ƙarin ƙarfin aiki, ba na ma lissafa shi cikin dabara. Yana kama mutum har ya kasa bari, yana iya sa jijjiga, kuma gajiyar da ya ɓoye yau tana nan tana jira.

Mataki na biyu: minti goman farko

In ka makara, kada ka sulale ka zauna kana jiran a kira ka. Je ka sami shef da kanka, ka yi magana gajera: "Ranka shi daɗe, na makara, gada ce ta cushe. Dosiyen jiya zai iso hannunka kafin Azahar." Dalili ɗaya, alkawari ɗaya. Dogon bayani shi ke sa a fara tunanin ƙarya kake yi.

Sannan ka yi gaisuwa cikakkiya, ko da ranka ba ya so. Mai gadi, masinja, sakatariya, mai shara. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, ga wanda yake Bazabarme ka ƙara masa da fofo. Wannan ba ladabi kawai ba ne. Fuskar da ka shigo da ita, ita za a riƙa mayar maka har yamma, kuma masinjan da ka wuce ba sallama shi ne zai riƙe takardarka a ƙasan sauran.

Salula kuwa, a sa ta shiru a jefa cikin aljihun tebur. Rukunonin WhatsApp na dangi da na unguwa da na tsofaffin ƴan lakwal ba sa hutu: biki, suna, gudummawa, jayayyar siyasa, saƙon murya na minti bakwai. A ranar da zuciya ta riga ta cika, kowane ɗaya ƙari ne. Ka sanar da mutanen gida cewa in abu na gaggawa ne su kira, kada su rubuta. Saura ya jira Azahar.

Mataki na uku: aiki ɗaya kafin Azahar

Ɗauki takarda da biro, ka zube duk abin da ke kanka, har da wanda ba na ofis ba, kamar kuɗin haya da maganin tsohuwa. Abin da ke yawo a kai ya fi nauyi da abin da ke rubuce. In ka gama, raba na aikin gida uku: wanda ke buƙatar wuta, wanda ba ya buƙata, da wanda ke jiran sa hannun wani.

Rabon nan ba na banza ba ne. Shekaru da yawa mafi yawan wutar da Yamai ke sha daga Najeriya ta riƙa zuwa, ta layin Birnin Kebbi. Kowa ya tuna watan Agustan 2023 lokacin da aka katse layin sakamakon takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Tashoshin Gorou Banda, ta mai da ta hasken rana, sun rage gibin, amma a bazara buƙata kan yi yawa, ɗauke wuta kuma abu ne da mai hankali ke sa shi cikin lissafi. Don haka muddin akwai wuta, yi abin da sai da ita: buga takardu, tura saƙonni, cika batirin kwamfuta da na salula. Ka saba wa yatsunka da danna Ctrl da S bayan kowane sakin layi. Karatun dosiye, lissafi da hannu, kiran waya, zuwa ofishin maƙwabci neman bayani, waɗannan ka ajiye su don lokacin da fanka ta tsaya. Wanda ya shirya haka, ɗauke wuta canjin aiki ne kawai a gare shi.

Daga cikin jerin zaɓi abu ɗaya tak wanda in ka gama shi kafin kiran salla za ka ji ka yi wani abu. Kada ya zama mafi girma. Ya zama wanda za a iya gamawa cikin awa biyu. Taura biyu ba ta taunuwa, balle a ranar da haƙora suka gaji.

Akwai wata dabara da wani ɗan Italiya mai suna Francesco Cirillo ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980: aiki na minti 25 ba waiwaye, hutu na minti 5, a sake. Tana aiki, sai dai wanda ya tsara ta bai san ofis ɗinmu ba, inda ƙofa a buɗe take kuma baƙo ba a ce masa ya koma. Gyaran da nake ba da shawara shi ne: tashi ka gaisa da shi sosai, ka ba shi kujera da ruwa, ka ce, "Alhaji, don Allah ba ni minti goma in rufe wannan, sai in saurare ka da kyau." Kusan babu wanda ke jin haushin haka, in dai ka cika minti goman. A hutun minti biyar ɗin kuma kada ka ɗauki salula. Miƙe tsaye, juya wuya da kafaɗu, ka kalli wani abu mai nisa ta taga. Likitocin ido suna ba masu aikin kwamfuta shawarar duk minti 20 su kalli abin da ke nesa da kamar mita 6 na daƙiƙa 20.

Mataki na huɗu: riƙe baki

Nan ne yawancin ranaku ke lalacewa gaba ɗaya, don haka zan ɗan daɗe.

A ce shef ya yi maka faɗa gaban mutane, ko abokiyar aiki ta jefo magana a taro. Abin da ke faruwa a jiki sananne ne: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, kunnuwa su yi zafi. Cikin wannan hali duk amsar da ta zo maka za ta yi kama da gaskiya tsantsa, kuma kusan kullum ita ce wadda za ka yi da-na-sani a kanta. Aikinka na farko ba amsa ba ne, saukar da jiki ne. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida ko takwas, sau biyar ko shida. Fitar da numfashi a tsawaice yana rage bugun zuciya, kuma babu wanda zai lura kana yi. Hadisi ya zo da umarnin cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Malamai kuma suna horo da alwala. A ofis, tashi zuwa famfo ka wanke fuska da hannuwa yana ba ka minti uku da babu wanda zai tuhume ka a kansu.

In dole ne ka ce wani abu nan take, "Na ji, zan duba" ta isa. Ba amincewa da laifi ba ce, kuma ba rashin kunya ba ce.

Abin da na fi hana mutane shi ne amsa ta WhatsApp, musamman saƙon murya. Magana zarar bunu ce ko da baki aka yi ta, to ina ga wadda aka naɗa, da za a iya tura wa darakta da yamma? In zuciya ta matsa sai ka faɗa, rubuta a takarda, ka ninke, ka sa aljihu. Bayan Azahar ka sake karantawa. Sau da yawa rabinta za ka ga ba ta da amfani, sauran rabin kuma shi ne ainihin maganar da ya kamata a yi.

A takardar nan ka raba abu biyu: abin da ya faru, da fassarar da ka yi masa. "Ya mayar mini da rahoto ya ce lissafin shafi na uku ba daidai ba ne" abin da ya faru ke nan. "Ya tsane ni, so yake a kore ni" fassara ce. Mai yiwuwa gaskiya ce, amma ba ka da hujjarta yau. Shafi na uku kuwa yana gabanka, kana iya gyara shi kafin a tashi.

Riƙe baki ba yana nufin haɗiye komai har abada ba. Ana yawan ce wa ƙaramin ma'aikaci ya yi haƙuri alhali abin da ake nufi shi ne ya yi shiru, ni kuwa ban yarda su ɗaya ba ne. In an ci maka fuska, nemi shef shi kaɗai, bayan ya yi salla ya ci abinci, ka ce: "Ranka shi daɗe, gyaran da ka yi mini daidai ne, na kuma gyara. Roƙona shi ne in an sake samun irin haka, ka kira ni ofis ɗinka." Ka ba shi girmansa, ka kuma faɗi taka. Manya da yawa sun fi karɓar magana in babu idon jama'a.

Sai fadar shayin da ke ƙarƙashin bishiya a bakin ƙofa. Zama da abokan aiki yana sauke gajiya, ba na hana shi. Amma kai ƙarar shef wurin mutum shida daɗinsa na minti goma ne, kuma cikin shidan akwai wanda zai kai labari. Zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, zai fi kyau in ba a sashenku yake ba, ka faɗa masa cikin minti biyar, ku koma hirar kokowa ko ƙwallo.

Mataki na biyar: Azahar, a buɗe sabon yini

Kada ka yi salla a gurguje kusa da tebur kana kallon kwamfuta. Fita. Yi alwala a natse, ruwan ya taɓa wuya da ƙafafu, ka taka zuwa masallaci ta gefen inuwa, kuma a hanya kada ka yarda a ja ka cikin zancen aiki. Wanda ba Musulmi ba shi ma ya ɗauki wannan lokacin ya bar kujerarsa. Mata ma'aikata sukan rasa wurin da za su miƙe ƙafa, maza na kwance a barandar masallaci su kuwa suna zaune a ofis. Ku haɗu ku nemi a ba ku ɗaki ɗaya da tabarma a lokacin hutu. Buƙata ce ƙarama wadda ba kasafai ake hanawa ba in an nema tare.

Abincin rana ya zama mai sauƙi. Tulin shinkafa da wake da mai ya kwanta a kai, cikin zafin ƙarfe biyu, barci ne kai tsaye. Dambu da kopto, ko fura, ko rabin abin da ka saba ci, sun fi barin kai a sake. Ka kuma sani cewa nauyin ido na farkon yamma ɗabi'ar jikin ɗan Adam ce, ko bai ci komai ba. Ba lalaci ba ne. In da hali, yi ƙailula ta minti 15 zuwa 20, ka sa salula ta tashe ka. In ta wuce rabin awa mutum kan nutse cikin barci mai nauyi, ya tashi kansa ya fi da nauyi.

Shayi bayan abinci ba laifi, amma a lura da agogo. Sinadarin da ke hana barci a shayi da kofi da goro, kusan rabinsa yana nan cikin jini bayan awa biyar. Kofin farko mai kauri da aka sha ƙarfe biyar na yamma, ƙarfe goma na dare bai gama fita ba. Daga nan barci ya yi wuya, gobe kuma a tashi da irin ranar yau. Shayi mai ƙarfi ya tsaya kafin ƙarfe uku. In an miƙo maka da yamma, jira na uku wanda ya salance.

Da ka dawo, yage takardar safe ka rubuta sabuwa, mai abu biyu kacal. Abin da ya faru kafin salla ya zama na ɗazu.

Cikin azumi tsarin na juyawa: aiki mai buƙatar tunani a yi shi tun da sanyin safiya, a bar masu sauƙi zuwa yamma, maganar da za ta iya zama gardama kuma a ɗage ta zuwa gobe da safe.

Daga La'asar zuwa tashi

Wannan lokacin ƙananan ayyuka ne: jera takardu, amsa saƙonni, kiran wanda ka yi wa alkawari. Kada ka buɗe babban aiki. Minti goman ƙarshe rubuta layi uku: abin da na gama yau, abin da zan fara da shi gobe, wanda nake jiran amsarsa. Layin farkon kada ka tsallake shi, don ranar da ta ɓaci tana sa mutum ya manta ya yi komai. Ka bar takardar a kan tebur, ka share teburin.

Hanya da gida

Mazauna Harobanda, wato hayin kogi, sun san gadar Kennedy, wadda ke ɗauke da mutane tun 1970, ba ta da faɗin da zai ishi Yamai ta yau. Akwai gada ta biyu da aka buɗe a 2011, da ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021. Zagaye ta ɗayansu ya fi tsawo, amma a lokacin cunkoso tafiya mai nisa ta fi tsayuwa cikin hayaƙi sauƙi ga zuciya. Gwada sau ɗaya ka auna da agogo. Da safe kuma fita da minti 20 kafin lokacin da ka saba yakan bambanta hanyar da ke tafiya da wadda ta tsaya. Ka tanadi canjin taksi tun da dare, don gardamar canjin jika da sassafe ita ma tana cikin masu ɓata yini.

Kafin ka shiga gida tsaya ka yi Magariba a masallacin unguwa, ko ka zauna ƙofar gida minti biyar. Yaran da suka rugo da gudu ba su ne suka mayar maka da rahoto ba. In abin bai sake ka ba, faɗa wa uwargida a fili: "Yau aiki ya yi zafi, ba ke ba ce, ba ni ɗan lokaci in watsa ruwa." Ita kuma ma'aikaciya da ta dawo ta tarar da tukunya na jiran ta, yininta bai ƙare ba tukuna. Maigida, in ka ga ta shigo a jigace, sayo abincin dare a waje ko kama mata da yara ba zai rage maka komai ba.

Babban mutum na buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. A bazara yayyafa ruwa a tsakar gida, ka ɗaura gidan sauro a waje tun kafin a ɗauke wuta, ka cika bokiti, ka goge kayan gobe yayin da wutar ke nan. Salula ta kwana nesa da shimfiɗa.

In ba ranar ba ce, aikin ne

Duk abin da na faɗa maganin rana ɗaya ne ko biyu. In kusan kullum haka take, ɗauki kalanda ka riƙa sa alama na tsawon wata guda, da kalma ɗaya ta dalili. Za ka ga tsari. In alamun sun taru a makon ƙarshen wata, matsalar aljihu ce, a can za a yi gyara. In sun taru ranar taro da mutum ɗaya, maganarku ce ba a yi ba. In kuwa ka kai mako biyu ba barci, ba sha'awar abinci, ba abin da ke faranta maka rai, ga likita, ka kuma sa a auna maka hawan jini, don yakan daɗe bai nuna alama ba.

Akwai kuma abin da numfashi da alwala ba sa gyarawa: albashin da ake riƙewa, awannin da suka wuce ƙa'ida ba a biya, ko shugaban da ke matsa wa ma'aikaciya da neman lalata, wanda doka ta haramta. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ƙayyade awa 40 a mako, da hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako, da hutun shekara na kwana biyu da rabi kan kowane watan aiki. Wannan ta shafi ma'aikatan kamfanoni da masu zaman kansu ne, ma'aikatan gwamnati suna da tasu dokar daban. Fara da wakilin ma'aikata ko ƙungiyar ƙwadagonku in akwai. In ba a daidaita ba, sai ofishin sufeton ƙwadago, wanda aikinsa na farko sasanta ɓangarorin ne kafin a kai ga kotu. Ka tafi da takardar kwantiraginka, da takardun albashi, da lambarka ta CNSS, wato asusun inshora da fanshon ma'aikata, da rubutaccen jerin ranaku da awannin da ka yi, ka kuma ajiye kwafin kowace takarda a gida kafin ka miƙa ta.